Auta, Bakan Ƙaho da Ya Rasu Saura Kwana Tara Biki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani haushi da har yau ya ƙi sauka daga maƙogwaro, ƙungiyar maharba ta ƙauyenmu, a madadin Elemér Bordás da ɗaukacin gidan Bordás, take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Auta, bakan ƙaho, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a bayan rumfar girkin Piroska, matar Elemér, bayan gajeriyar jinya ta wuni guda. Muna ba da haƙuri game da jinkirin wannan sanarwa. Mai mamacin ne ya ɓoye gawar kwana tara a ƙarƙashin gado, kuma duk wanda ya karanta zuwa ƙasa zai ji dalili.

An haifi marigayin a shagon Kálmán Bordás, yayan Elemér, wanda babu mai riƙe baka daga nan har garin Karcag da bai san sunansa ba. Cikinsa ƙahon bijimi ne, irin shanun makiyayarmu masu dogon ƙaho. Bayansa jijiya ce da aka daka aka tsefe siri-siri, tsakiyarsa itace, an haɗe su duka da gam ɗin da Kálmán yake dafawa da kansa daga jakar iskar cikin tarwaɗar kogin Tisza. Shi ne baka na hamsin da takwas da ya fito daga wannan shago, shi ne kuma na ƙarshe, domin da lalube Kálmán ya ƙarasa shi, ido ya riga ya tafi. Da ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, sai ya sa masa suna Auta, ya kulle shagon, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Kowa ya ɗauka Vince, shugaban ƙungiyarmu, shi zai gaji Auta. Shi ma Vince haka ya ɗauka, har ya buga ƙusa biyu a bangon falonsa. Ashe tsohon nan yana da wata shawara a ransa. A watan Fabrairu ya aika aka kira masa ƙaninsa Elemér, mai raba wasiƙu da ya yi ritaya, mutumin da bai taɓa jan ko tsirkiyar wasa ba. Mu da muka san Elemér mun san kayan kamun kifinsa suna bisa rufin ɗaki, akwatunan ƙudan zumansa kaji ke kwana a ciki, gogen da ya saya kuwa mako uku ya yi yana azabtar da unguwa kafin ya rataye shi. Mutumin kirki ne, babu mai musu. Sai dai abu ba ya wuce wata biyu a hannunsa.

Kálmán ya ɗora masa bakan a cinya ya ce, "Elemér, tun kana yawo da gajeren wando ban taɓa ganin ka kai abu ƙarshe ba. Yanzu ma ba gani zan yi ba, ido ya tafi. Amma kunne yana nan. Ranar bikin Mika'ilu, ƙarshen Satumba, za a ajiye mini kujera a gaba a filin harbi. Ina so in ji kibiyar Auta ta shiga damin karan da ake harbi daga hannunka, a gaban mutane, sau ɗaya. Iyakar abin da na roƙe ka ke nan."

Elemér ya ce, "Haba Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne."

Bai sake faɗin wannan magana ba har yau.

Marigayi ya kasance mai haƙuri, mai kawaici, wanda bai taɓa kai ƙarar mai shi wurin kowa ba, duk da cewa yana da hujjoji. Ranar farko da aka zo da shi filin atisaye, Elemér ya dubi yadda yake lanƙwashe yana hutawa, ya ɗauka haka ake jansa, ya fara ɗaura masa tsirkiya a baibai. Ba don Vince ya yar da kofin shayinsa ya sheƙo da gudu yana ihu ba, da tun a Fabrairu muka rubuta wannan takarda. Vince ya lallashe shi ya fara koyo da bakan roba mai sauƙin ja, irin wanda ake ba kowane sabon shiga, ya bar Auta sai hannu ya faɗa. Elemér ya ce Yaya bai ce yana son jin roba ba.

Za mu daɗe muna tuna muryar marigayi. In ana ɗaura masa tsirkiya yakan ce "ƙiii", a hankali, irin na dattijon da ke miƙewa daga tabarma. In ƙwararre ya sake shi, kamar ranar da Vince ya roƙa aka ba shi harbi ɗaya, yakan ce "dumm", murya mai zurfi da ake ji har a ƙirji. A hannun Elemér kuwa, wata shida cur, kalma ɗaya ya iya, "fat!", wato ƙarar tsirkiya a kan fatar damtse. Hannunsa na hagu ya yi ja, ya yi shuɗi, ya yi baƙi, ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya sake farawa daga ja. Babban yatsansa ya kumbura a cikin zoben ƙahon da ake jan tsirkiya da shi, har sai da Piroska, matarsa, ta zare shi da sabulu. Sau biyu tsirkiya tana tafiya da tabaransa, sau ɗaya ta nemi tafiya da kunnensa.

Babbar matsalar kafaɗa ce. Shekara talatin da shida yana ɗage kafaɗar hagu don kada jakar wasiƙu ta zame, to kafaɗar ta zauna a haka, ta ƙi sauka. Duk Asabar sai ka ji Vince tun daga bakin titi: "Kafaɗa, Baba Elemér! Sauke kafaɗa! Babu wasiƙar kowa a wuyanka!" Elemér ya sauke, ya ja, da zarar tsirkiya ta iso kumatunsa sai kafaɗar ta sake hawa abinta. Kibiya ta tashi ta wuce damin karan alkama da kamu biyu, ta shige ciyawa. Rabin lokacin atisaye a durƙushe yake yin sa, yana laluben ciyawa yana zagin kansa a hankali. Wata ranar ya koma gida ya ce da Piroska ya gaji, wannan abin ba na mutane ba ne. Ta ce, "To rataye shi kusa da goge, akwai ƙusa." Haushin wannan magana ne ya fito da shi fili washegari tun kafin ya karya.

Da ya ga Asabar kaɗai ba ta isa, sai ya kafa nasa damin a bayan gida. A nan ne maƙwabciyarsa Jolán ta shiga tarihin marigayi. Kabejinta biyu suka fara tafiya. Sannan wata Talata ta shanya bargonta na gashin agwagwa a igiya, kibiya ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, gashi ya tashi ya rufe lambun. Jolán ta leƙo ta kan shinge, gashi a kanta, ta ce, "Elemér, in yaƙi kake yi da ni ka faɗa mini, ni ma in shirya. Ina da cebur."

Duk Lahadi bayan an taso daga coci yakan biya wajen yayansa. Kálmán ya ce, "Ina labarin harbi?" Elemér ya ce, "Ana samun ci gaba, Yaya." Kálmán ya ce, "Na ji. Jolán ta zo nan da bargon."

Ran nan a cikin Agusta, da hantsi, babu kowa a bayan gida sai kaji, kafaɗar ta manta ba ta hau ba. Elemér bai san abin da ya yi daban ba. Ya dai ji Auta ya ce "dumm", sannan daga can nesa dami ya amsa, "tuf". Ya tsaya baki buɗe. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ko Jolán da kullum take kan shinge ranar ta tafi kasuwa. Ya ruga cikin gida yana kiran Piroska, ta dube shi ta ce, "Madalla. Cire takalmin nan, yanzu na goge ƙasa." Amma daga ranar abin ya kama shi da gaske. Zuwa farkon Satumba yana samun huɗu cikin goma daga taku talatin. A bikin kibiya uku ake ba sabon shiga, shi kuwa ɗaya yake nema. Karo na farko a rayuwarsa ya wuce wata bakwai a kan abu guda, kuma yana son bakan nan so na gaskiya, har gaishe shi yake yi da safe.

Game da ciwon ajali, ga abin da muka tabbatar. A tsakiyar Satumba hazo ya fara kwana a kan kogi, safiya ta yi sanyi. Elemér ya ji Auta ya yi nauyi a hannu, ba shi da kuzari. Sai ya tuna gargaɗin da yayansa ya yi masa tun ranar farko: "Kada ka kuskura ka ɗaura masa tsirkiya da sanyi a jikinsa. Ka fara ɗumama shi tukuna, amma..." A daidai nan Elemér ya tari numfashinsa ya ce, "Na gane, Yaya, na gane," ya tashi yana saurin zuwa nuna wa Piroska bakan. Abin da ke bayan wannan "amma" bai taɓa jin sa ba.

Ranar Alhamis ɗin nan ita ce ranar dafa maɗin silba a gidan, wato 'ya'yan itacen nan masu zaƙi da ɗan tsami da ke nuna da kaka. Tun asuba Piroska ta ɗora babbar tukunyar tagulla a rumfa, ta juye kwando shida na silba a ciki, kuma kowa ya san maɗi ba ya yarda a bar shi ko na minti biyar, ko a juya ko ya kama. Ta miƙa wa Elemér muciya ta ce yau babu harbi sai an sauke. Yana juyawa yana tsaki, sai idonsa ya kai kan ƙusar da ke jikin azara, daidai saman tukunya, inda ɗumi ya fi ko'ina a faɗin gidan. Ya je ya ɗauko Auta ya rataye shi a wurin. Har daɗi ya ji a ransa, yana ganin yau ya yi dabara irin ta masu sana'a.

Piroska ta ɗaga kai ta ce, "Wannan abin naka ba zai ɗigo mini a maɗi ba?"

Ya ce, "Ke dai ji da silbarki. Wannan ilimi ne."

Awa tara marigayi ya yi a cikin tururi bai ce uffan ba. Da aka sauke tukunya, Elemér ya sauko da shi, ya ji shi da ɗumi, yana ɗan gumi, yana ƙamshi. Ya ɗaura tsirkiya, bai ji "ƙiii" ɗin da ya saba ji ba, amma bai kawo komai a ransa ba. Ya lura reshen sama ya ɗan karkata hagu, ya ce in an ja zai miƙe. Ya ɗana kibiya, ya sauke kafaɗa yadda ya kamata, ya ja har kumatu. Auta ya ce "ƙas", ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce "ɓaraƙ". Ƙaho ya rabu da itace tun daga mariƙi har baki, jijiya ta zazzago, kibiyar ta faɗi a kan takalminsa. Waɗannan su ne kalmominsa na ƙarshe.

Elemér ya zauna a ƙasa da gawar a cinyarsa. Ya danna ƙahon ya koma wurinsa, ya saki, ya sake buɗewa. Ya sake dannawa. Piroska ta tsaya a kansa da ludayi a hannu. Da ya gaji, ya naɗe shi a cikin zanen tebur ya tura ƙarƙashin gado, ya hau keke ya tafi wurin Vince.

A nan ƙungiya ba za ta wanke hannunta ba. Vince ya dafe kai, ya zagaya falonsa sau uku, ya dubi ƙusoshinsa biyu, ya faɗi wasu kalmomi da ba sa shiga takardar ta'aziyya. Sannan ya ɗauko bakan roba ya ce, "Baba Elemér, tsohon nan ba ya gani. In ka faɗa masa yanzu, baƙin ciki zai kwantar da shi. Ka harba da wannan, ya ji tuf ɗinsa, ya koma gida da farin ciki. Daga baya a san yadda za a yi." Elemér ya san ba daidai ba ne. Amma ya tuna zai tsaya a gaban yayansa ya ce na sake ɓata abu, sai ya ji ba zai iya ba. Ya karɓa. Abin takaicin, bakan robar nan ba shi da wuya ko kaɗan. Bayan wata bakwai na kokawa da Auta, jansa kamar jan labule ne. Duk kibiyar da ta shiga dami a kwana taran nan, sai Elemér ya ji kamar ya kurma ihu don haushi.

Ranar biki an koro shanu daga makiyaya, an jera tukwanen naman rago, fili ya cika. Mutum biyu ne suka riƙo Kálmán daga mota zuwa kujerarsa, yana tsayawa yana mayar da numfashi. Ya zauna, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa, ya karkata kunne. Aka kira sababbin shiga. Elemér ya fito. Kibiya ta farko, tuf. Ta biyu, tuf. Ta uku ta shige tsakiyar jan da'ira, inda ko Vince ba kullum yake samu ba. Fili ya ɗauki tafi, har Jolán tana ɗaga jakarta sama.

Kálmán bai tafa ba. Ya jira hayaniya ta lafa, ya ce, "Elemér. Zo nan."

Ya zo ya durƙusa kusa da kujerar.

"Harbi ya yi kyau. Bakan waye?"

"Yaya..."

"Hamsin da takwas na yi, kowanne na san muryarsa. Wannan abin da na ji bokitin roba ne ya faɗi. Ina ɗana?"

Elemér bai yi ƙoƙarin ƙarya ba, a nan dai mun yaba masa. Ya hau keke ya je ya ɗauko ƙullin, ya buɗe a cinyar yayansa a gaban kowa. Kálmán ya bi tsagar da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya ɗaga ya kai hanci, ya shinshina.

"Silba," in ji shi. "A kan tukunyar maɗi ka rataye shi."

"Kai ka ce in ɗumama shi, Yaya."

"Busasshen ɗumi, sakarai! Gefen murhu, ko cikin rigarka. Gam ɗin kifi ne. In ya ji ruwa gida yake komawa."

Elemér ya ce, "Na samu da shi, Yaya, na rantse. Tun Agusta nake samu. Huɗu cikin goma."

Kálmán ya ce, "Ban ji ba."

Ya nemi a mayar da shi gida, ko naman bai ci ba. Elemér ya tsaya a tsakiyar fili da kyautar sababbin shiga a hannu, wata 'yar kwalbar zuma mai jan ƙyalle a wuya, yana kuka kamar ba ɗan shekara sittin da huɗu ba. Bai taɓa jin kunya da haushin kansa irin na ranar ba.

Marigayi ya rasu ya bar yayye hamsin da bakwai a warwatse a faɗin ƙasar nan, duk suna cikin ƙoshin lafiya a hannun masu hankali. Ya bar kibiya biyar daga cikin goma sha biyu da ya zo da su, ban da biyu da ke kan rufin Jolán, waɗanda ta ce ba za ta bayar ba sai an ɗinke mata bargo. Ya bar tsirkiya guda, da zoben ƙaho, da kwari. Ya kuma bar maɗin silba cike da kanta, wanda Piroska ta ce yana ɗan ƙarnin kifi, Elemér kuwa ya ce ko da yunwa za ta kashe shi ba zai taɓa shi ba.

Dangane da jana'iza, Elemér ya so a binne marigayi a bayan gida, har ya haƙa rami. Kwana uku bayan biki Kálmán ya aiko a kira shi, ya ce ba a binne ƙaho mai kyau, a cike ramin. Saboda haka za a yi wa marigayi wanka ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe shida na safe, a shagon Kálmán, wanda za a buɗe domin wannan hidima. Za a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a raba ƙaho da jijiya da itace, a kankare tsohon gam, a ga abin da zai tashi. Kálmán zai zauna a kujera yana faɗa, Elemér zai yi da hannunsa, kuma an gindaya masa sharaɗi cewa ba zai buɗe baki ba sai an kai aya. Ba a bukatar furanni. Wanda ya kama babbar tarwaɗa a makon nan, ya taimaka da jakar iskarta. Masu ta'aziyya su tsaya a bakin ƙofa, shagon ba shi da faɗi.

Da aka gama tsara wannan, Elemér ya tambayi yayansa yaushe sabon bakan zai yi harbi. Kálmán ya ce jijiya shimfiɗa uku ake yi mata, kowace sai ta bushe wata da watanni kafin a ɗora ta gaba, in komai ya tafi daidai shekara biyu. Elemér ya ƙirga a ransa. Ya dubi tsohon, shekara tamanin da uku, da kwalaben magani a jere a kan taga, da numfashin da ke fita da ƙyar. Bai ce komai ba, amma Kálmán ya ji shirun.

Ya ce, "Na san lissafin da kake yi. Shi ya sa na ce ƙarfe shida, ban ce takwas ba."

Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Ana roƙon mai mamacin kada ya makara.